Kantunan Dutse na Sawakin, Zangon Ƙarshe na Alhazan Ƙasa

 

Cikin masu karanta wannan ɗan littafi ba za a rasa waɗanda kakanninsu suka tafi aikin Hajji ta ƙasa ba, tun ana tafiya da ƙafa da jakuna har aka zo zamanin manyan motoci. Duk wanda ya taɓa zama gaban irin waɗannan dattawa yana sauraron labarin hanya, ya ji ana jero sunayen zango kamar ana jan carbi: Maiduguri, Fallomi, Abashe, Jinaina, Fashir, Al'ubayyid, Hartum. Sunan da kan zo daga ƙarshe, kafin a ce Jidda, shi ne Sawakin. A nan ƙasa ta ƙare, ruwa ya soma. A nan ne kuma alhaji kan yi cefanensa na ƙarshe a ƙasar baƙar fata, cikin wasu kantuna na farin dutse da ke jere a kan titi guda. Tarihin wannan titi da kantunansa shi ne abin da muke nufin kawowa.

Sawakin ƙaramin gari ne a gaɓar Bahar Maliya ta yamma, cikin ƙasar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, tsakaninsa da Jidda kuwa ruwa ne na sama da kilomita 300. Garin kashi biyu ne. Akwai tsibiri, wani ɗan kewayayyen tudu a tsakiyar wani kududdufin ruwan gishiri wanda wani siririn mashigi ya haɗa da teku, mutum na iya zagaye shi da ƙafa cikin rabin sa'a. Sa'an nan akwai unguwar da ke kan gaɓa daura da shi, wadda ake kira Gef. Titi ɗaya ne ya ɗinke su. Ya taso daga babbar ƙofar ganuwa ta wajen daji, ya ratsa kasuwar Gef, ya hau kan datsiyar da aka cike a cikin ruwa, ya shiga tsibirin, ya bi ta tsakanin benaye har ya dire gidan kwastan da gidan gwamna a bakin ruwa. Duk abin da raƙumi ya ɗauko daga cikin Sudan ta nan yake bi ya kai ga jirgi, duk abin da jirgi ya sauke kuma ta nan yake bi ya kai ga raƙumi.

Mutanen gari suna da hikayoyi game da sunan. Wasu kan ce a nan Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya tsare aljannu, daga kalmar kurkuku ta Larabci aka sami sunan. Wannan hira ce mai daɗin ji. Amma Bejawa, waɗanda su ne ainihin mutanen ƙasar, suna kiran garin Osuk, masana kuwa da dama suna ganin daga kalmar suk ta Larabci ya fito, watau kasuwa. In haka ne, to, tun fil azal ba a san garin da wani abu ba sai ciniki.

Garin daɗaɗɗe ne. Malamin nan na Yaman, Alhamdani, ya ambace shi tun cikin ƙarni na 10 na Miladiyya. Ibn Baɗuɗa, matafiyin da daga baya ya zo har Takadda ya kuma ambaci Gobir cikin labarin tafiyarsa, ya sauka tsibirin wajejen 1330, ya tarar wani sharifi ɗan Sarkin Makka ke sarauta, ya kuma lura babu ruwan sha a tsibirin, babu shuka, babu itace, sai abin da aka kawo cikin kwalekwale. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za ta dawo. Sa'ad da tashar Aizab da ke arewa ta mutu cikin ƙarni na 15, sai fatake da alhazai suka karkato Sawakin. Bayan Sarkin Santambul Salim na Ɗaya ya ci Masar cikin 1517, garin ya shiga hannun Turkawa, har cikin 1555 suka kafa lardin da suka kira Habash, Sawakin tana cikin manyan garuruwansa. Cikin 1541 jiragen yaƙin Fotugal suka shigo tashar, wani hafsansu mai suna João de Castro ya rubuta yabon kasuwancin garin, har ya gwada shi da birninsu Lisbon, ya yi mamakin yadda jirage ke matsowa jikin gidaje a ɗora katako a sauke kaya kai tsaye cikin sito.

Amma kada a ɗauka kantunan da kakanninmu suka gani su ne waɗancan na zamanin Fotugal. Garin ya sha faɗuwa yana tashi. Sa'ad da Turawa suka gano hanyar zagaye Afirka ta kudu zuwa Indiya, cinikin Bahar Maliya ya ja baya, Sawakin ta rame. Cikin 1814 wani Bature mutumin Suwizalan, Burckhardt, ya biyo ayari daga Shandi ya iso garin cikin shigar Larabawa, ya tarar wajen kashi biyu cikin uku na gidajen tsibirin sun zama kangaye, alhali Gef, wadda akasarinta bukkokin tabarma ne, tana cike da mutane. Shi ma ya ga alhazan Yamma, waɗanda ake kira Takari, suna jiran jirgi. Ashe ke nan an taɓa yin irin wannan zubewa tun kafin wadda ta zama ta ƙarshe, dalilinsu kuwa ɗaya ne, kuma yana cikin dutsen kansa.

Wannan dutse ya cancanci a ɗan tsaya kansa. Babu fā a Sawakin, duwatsun ƙasar suna can nesa wajen tsaunuka. Abin da magina suka samu a ƙofar gida shi ne dutsen murjani. Ba jan murjanin nan da mata ke ɗaurawa a wuya ake nufi ba, danginsa ne dai: wasu ƙananan halittu ne na teku ke gina shi sannu a hankali, shekara da shekaru, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Fari ne, ba shi da nauyi, jikinsa duk ƙofofi kamar saƙar zuma. In an fito da shi da ɗanyensa yana da taushi, gizago ma na sassaƙa shi, sai ya sha iska ya bushe kana ya yi ƙarfi. Daga gare shi kuma ake samun abin haɗi, domin in an tara gutsattsarinsa an ƙona, aka jiƙa da ruwa, sai ya zama farar ƙasa wadda ake kwaɓawa da yashi a ɗora gini da ita, a yi yaɓe da ita, a kuma yi shafe da ita. Watau teku ce ta ba da tubali, ita ta ba da kwaɓi, ita ta ba da fenti.

Maginan kan tayar da bango fuska biyu, sassaƙaƙƙen dutse ciki da waje, su cika tsakiya da ɓaraguzai da kwaɓi. Bayan kowane 'yan sahu sai su shimfiɗa itace a kwance cikin bangon, ya ɗaure shi, ya raba nauyi, ta yadda ko ƙasa ta ɗan zauna bangon ba zai tsage daga sama har ƙasa ba. Da wannan dabara suka tayar da benaye hawa biyu, hawa uku, wasu har fiye, irin na Jidda sak, gama magina da kafintocin ƙetaren biyu kusan gida ɗaya ne. Rufi kuwa azara ce ta katako, a shimfiɗa tabarmi, a zuba ƙasa, a daɓe da farar ƙasa. Adon ginin duka yana ga tagogi. Ana kiran irin tagar raushan, jam'inta rawashin: wani akwatin katako ne da ke fitowa daga jikin bango ya rataya bisa titi, an yi masa ƙananan ƙofofi da saƙar itace, iska na shiga, rana ba ta shiga, na ciki na ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Katakon daga Jawa ake kawo shi, can gabashin duniya, irin wanda ba ya jin ruwa ko gara. Mutum na iya zama cikin raushan ya sha shayi, ya kishingiɗa, har ya kwana.

Gini ne mai kyau, mai sanyi, mai dacewa da ƙasar da zafinta kan hana barci. Sai dai yana da sharaɗi guda. Dutsen da jikinsa ke da ƙofofi yana shan laima kamar soso, iskar Sawakin kuwa jiƙe take da gishiri, ƙasan da aka kafa tushe a kai ma ruwan gishiri ne ke kwance ciki. Abin da ke kare bangon shi ne rigar nan tasa ta farar ƙasa. Muddin ana sabunta yaɓe, ana toshe tsaguwar daɓen soro kafin ruwan sama, wanda a wannan gaɓa da hunturu yake zuwa, to gidan zai ga jikoki da tattaɓa kunne. In aka yi sakaci shekaru kaɗan, ruwa ya sami hanya, sai azara ta ruɓe, itacen cikin bango ya ruɓe, gishiri ya ci dutsen, cikon tsakiya ya kumbura ya tura fuskokin biyu waje. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa, ya ga yadda ake yaɓe kafin damina, ya san wannan karatu. Bambancin kawai shi ne, mai gidan ƙasa bai taɓa ruɗin kansa ba, mai gidan dutse kuwa yana iya zaton ya gama aiki.

Akasarin kantunan da suka yi suna an gina su ne cikin 'yan shekaru ƙalilan, bayan 1865. A wannan shekara ce Sarkin Santambul ya miƙa Sawakin da Masawa ga Hidiwi Isma'il na Masar. Shekara huɗu bayan haka, cikin 1869, aka buɗe mashigin Suwes, Bahar Maliya ta tashi daga lungu ta zama babbar hanyar jiragen tururi tsakanin Turai da Indiya. Gwamnan da Masar ta naɗa, Mumtaz Basha, ya gyara gidan gwamnati ya faɗaɗa shi, ya kafa noman auduga a Tokar, ya yi aikin tare ruwa a Shata inda rijiyoyin gari suke. Cikin 1877, zamanin da Janar Gordon ke mulkin Sudan da sunan Masar, aka cike ruwan da ke tsakanin tsibiri da gaɓa aka yi datsiya, aka gina ƙofa a bakinta wadda har yanzu ake kira da sunansa. Kafin wannan, sai an sauke kaya daga raƙumi an zuba a kwalekwale. Bayansa, raƙumi da kayansa kan taka har ƙofar sito. A ganina wannan datsiya ita ce ta haifi titin, gama ita ta mai da kasuwa biyu ta zama ɗaya, ta kuma sa filin da ke bakin hanya ya yi daraja har attajiri ya ga ya dace ya rushe rumfar tabarma ya kafa dutse.

Tsarin kantunan bai bambanta da na sauran garuruwan Bahar Maliya ba. Hawan ƙasa na ciniki ne: ɗaki ƙarami mai buɗewa ga titi, da ƙyauren katako mai faɗi, a bayansa sito mai duhu mai sanyi inda ake jibge buhuna da dila. Hawan sama na iyali ne, da ƙofarsa dabam, da rawashin ɗinsa bisa kan masu wucewa. Mai kanti na kwana bisa dukiyarsa. Gine-ginen wannan zamani sun ɗan sha bamban da tsofaffin na zamanin Turkawa, domin salon Masar ya shigo, aka fara sa manyan tagogi masu gilashi da ƙyamare irin na Turai da barandar ƙarfe ko ta katako. Masu idon gini suna ganin na dā sun fi kyau, sun kuma fi dacewa da zafin wurin, ni ma ra'ayina ke nan, gama gilashi a Sawakin kwalliya ce da ke dafa mai ita.

Mafi girma cikin gine-ginen ciniki shi ne wakalar Shinnawi, wadda attajiri Muhammad Bey Shinnawi ya gina a Gef cikin 1881. Wakala ita ce abin da fatakenmu za su kira masauki, amma na dutse: babban fili a tsakiya inda raƙuma ke durƙusawa, ɗakunan ajiya kewaye da shi a ƙasa, ɗakunan kwanan baƙi a sama. Mutanen gari kan ce ɗakunanta sun kai yawan kwanakin shekara. Ko ba su kai ba, maganar ta nuna yadda ginin ya cika musu ido. Akwai kuma masallaci a Gef da ake kira da sunan wannan attajiri, kamar yadda tsibirin ke da nasa tsofaffin masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya.

Me ake saye da sayarwa? Ayari kan taso daga Barbar a bakin Nilu, tafiyar kamar mako biyu cikin hamada da tsaunuka, wani kuma daga Kasala. Suna kawo ƙaro na Kurdufan, wanda shi ne uban kaya, da hauren giwa, da gashin jimina, da fatu da ƙiraga, da filasko, da riɗi, da man shanu da dawa waɗanda Hijaz ke buƙata kullum, da gahawa ta Habasha. Su koma da yadi na Indiya da na Ingila, da sukari, shinkafa, sabulu, kyandir, kayan yaji, turare da itacen sandal, da duwatsun ado. Kuɗin da kowa ya yarda da shi shi ne riyal ɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, wanda ko yaushe aka buga shi shekarar 1780 ake rubutawa a jiki. Masu kantunan kuwa taron dangi ne: Hadariba 'yan gari, da mutanen Jidda, da na Halaramautu, da Misirawa, da Shamawa, da Indiyawa, da Girkawa. Bejawa su ke da raƙuma, su ne jagororin hanya, ba wanda ke ratsa tsaunuka sai da yardarsu.

Akwai wata haja da ba za a ɓoye ta ba, ita ce bayi. Shekaru aru-aru Sawakin tana cikin manyan ƙofofin da ake fitar da 'ya'yan mutane daga Sudan da Habasha zuwa ƙetare, kuma wani kaso na dukiyar da ta tayar da waɗannan fararen benaye daga nan ya fito. Ko alhazan Yamma ba su tsira sarai ba, gama an sha samun waɗanda aka yaudara a hanya aka sayar da yaran da ke tare da su. Wanda zai yabi kyan rawashin ya kamata ya san wannan ma.

Kakar ba ta daɗe ba. Shekarar da aka gama wakalar Shinnawi, 1881, ita ce shekarar da Muhammad Ahmad ya bayyana da'awar Mahadiyya a tsibirin Aba. Wanda ya ɗauko tutarsa zuwa gabas kuwa ɗan Sawakin ne, Usman Digna, ɗan gidan 'yan kasuwa wanda cinikinsu ya karye sa'ad da aka matsa wa fataucin bayi. Cikin 1883 ya tayar da Bejawa, cikin 1884 aka gwabza a Teb da Tamai, cikin 1885 a Tofrek. Barbar ta faɗa hannun Ansar cikin 1884, hanyar ayari ta toshe. Turawan Ingila suka cika garin da soja, suka soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Barbar cikin 1885, ba su kai mil ashirin sosai ba suka watsar da aikin. Kitchener, wanda ya yi gwamnan wurin daga 1886 zuwa 1888, ya ƙarfafa ganuwar Gef ya gina babbar ƙofar da titin ke farawa daga gare ta. Usman Digna bai taɓa cin garin ba, amma ya mai da shi kurkuku. Kantin da aka gina domin ƙaro da hauren giwa ya koma sayar wa soja taba da abincin gwangwani, waɗanda suka ci ribar wannan kuwa akasari Girkawa ne. Sa'an nan ga yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta, wadda ta kashe Bejawa ba adadi, hana shigar da hatsi cikin ƙasa ta tashar ya kuma ƙara mata tsanani.

Da aka sake buɗe hanyar Barbar cikin 1897, aka ci Omdurman cikin 1898, aka kama Usman Digna cikin 1900, sai 'yan kasuwar Sawakin suka ɗauka wahala ta wuce. Har ma aka soma aikin jirgin ƙasa na gaske, wanda zai haɗa Atbara da teku, daga Sawakin aka fara shimfiɗa shi ta wannan ɓangare. Ashe abin da yaƙin shekara goma sha biyar bai yi wa titin ba, rahoton injiniya zai yi masa. Cikin 1904 aka auna tashar aka ga ba ta da gobe. Mashigin siriri ne, murjani na ta tsirowa cikinsa, manyan jiragen zamani ba su iya shiga su juya, da dare kuwa shigarsa kasada ce. Ga kuma tsohuwar matsalar da Ibn Baɗuɗa ya gani, ta ruwan sha. Aka zaɓi wani wuri a arewa mai suna Marsa Shaihu Bargut, inda babu komai sai ƙabarin wani waliyyi, amma ruwansa mai zurfi ne, bakinsa mai faɗi. Aka soma gini cikin 1905, aka karkatar da layin dogo can, aka yi bikin buɗe shi cikin Janairun 1906, Hidiwi Abbas Hilmi ya buɗe sabuwar tashar cikin 1909. Ita ce Bur Sudan.

Ba dare ɗaya Sawakin ta mutu ba. Attajiranta sun yi ta turjewa, gama wa zai bar benen ubansa ya koma filin da ba inuwa? Har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ana ciniki a titin. Amma ofisoshin lardi sun riga sun tashi, jirage sun bi su, cikin shekarun 1920 banki da kamfanin waya da manyan kamfanoni suka kwashe. Mai kanti ya rufe ƙyaure ya sa kwaɗo, ya bar maigadi ko wani tsoho cikin dangi, da niyyar zai riƙa leƙowa. Shekarar farko ya aiko da kuɗin shafe. Shekara ta biyar bai aiko ba, domin ba ya samun ko anini daga ginin. Da ya rasu, gida ya zama gādo tsakanin magada da yawa, wasu a Bur Sudan, wasu a Jidda, wasu a Alƙahira, ba mai ikon sayarwa shi kaɗai, ba kuma mai son ya kashe kuɗinsa shi kaɗai a kan abin da yake na kowa. Ba igwa aka harba wa kantunan Sawakin ba, ba gobara ce ta cinye su ba. Cinikin da ke biyan mai yaɓe ne ya ƙaura, dutsen kuwa ya yi abin da aka san zai yi. Da rufi ya faɗa, masu neman katako suka ɓalle rawashin da ƙyamare, masu neman dutse suka kwashi rabonsu.

Abin da ya riƙe sauran numfashin garin shi ne alhazai. Gwamnati ta bar wurin killace masu tafiya Hajji a Sawakin, inda ake duba lafiyarsu, a yi musu lamba, a tsare su kwanaki in sun dawo, don gudun kwalara da agana. Saboda haka duk shekara, in watannin Hajji suka gabato, sai titin ya farfaɗo. A wannan zamani ne mutanenmu suka fi yawa a hanyar. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a da yawa sun ci gaba da hijira gabas, har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Jirgin ƙasa ya kai Al'ubayyid wajejen 1912, ya rage wa masu ƙafa tafiyar watanni. Da aka gama madatsar Sinnar cikin 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai talaka ya sami inda zai tsaya ya yi ƙwadago shekara biyu ko biyar ko goma, ya tara kuɗin jirgi. Wasu sun yi irin wannan aiki a Tokar da Kasala, wasu sun yi dako a Bur Sudan. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗin jirgin tururi sukan bi dare su shiga ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk daga wani lungun gaɓa, da yawansu ba a sake jin labarinsu ba. Allah ya ji ƙansu, ya karɓi niyyarsu.

Abin da waɗannan bayin Allah suka gani a Sawakin, musamman daga shekarun 1930 zuwa na 1950, gari ne mai fuska biyu. A Gef akwai sauran rai: mai gahawa da 'yar butarsa ta ƙasa, mai burodi, mai canjin kuɗi, mai sayar da farin yadin harami da buta da tabarma, masu tallan ruwa cikin salka daga rijiyoyin Shata. In kuwa mutum ya haye datsiya ya shiga tsibiri, sai ya tarar da benaye a tsaye, ƙofofi a kulle, tituna shiru, sai kyanwoyi da shirwa. Cinikin alhaji ba ya gina bene. Mutumin da ya shekara bakwai yana tsinkar auduga don ya ga Ka'aba ba zai bar wa mai kanti abin da ayarin ƙaro ke bari ba, kuma wata biyu ne ko uku a shekara. Da jirgin sama ya karɓe jigilar alhazan Nijeriya da Nijar daga shekarun 1950 zuwa na 1970, wannan ɗan abin ma ya ragu.

Sa'a ɗaya da aka yi ita ce, wani malamin zane da ke koyarwa a Hartum, Jean-Pierre Greenlaw, ya riƙa zuwa Sawakin cikin shekarun 1940 da farkon na 1950, yana auna gine-ginen ɗaki ɗaki, yana zana tagogi da ƙofofi da adon yaɓe tun suna tsaye. Littafinsa kan gine-ginen murjani na Sawakin ya fito cikin 1976, lokacin da akasarin abin da ya zana ya riga ya kwanta. Yawancin abin da aka sani yau game da fasalin waɗannan kantuna da gidaje daga zanensa aka san shi.

An yi ta yunƙurin ceto. Cikin 1994 Sudan ta sa Sawakin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Daga 2002 hukumar kayan tarihi ta ƙasar, tare da masana daga jami'o'in Birtaniya, ta yi shekaru tana tono da aune-aune a tsibirin. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da ginin kwastan, Shugaba Erdogan ya ziyarci wurin cikin Disambar 2017, aka yi alkawarin sake gina tsibirin. Faɗuwar gwamnatin Albashir cikin 2019 da yaƙin da ya ɓarke cikin Afrilun 2023 sun sha gaban wannan magana. Masallatai da gidan hukuma suna da mai tsaya musu. Kanti kuwa na magada ne, magadan ma sun zama jikokin jikoki.

Abin mamaki, tashar ita ta dawo da rai ta wata fuska. Cikin 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigin, aka sa mata sunan Usman Digna, mutumin da ya shekara da shekaru yana neman cin garin bai samu ba. Daga nan manyan jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda da alhazan Sudan da 'yan ƙwadago, daga nan kuma ake fitar da dabbobi zuwa Saudiyya. Cikin Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a tashar da tumaki sama da dubu goma sha biyar. Garin ya yaɗu ta wajen hanyar mota, da shagunan bulo da na katako da kwano. Ƙofar Kitchener tana nan, Ƙofar Gordon tana nan. Mai tafiya tsakaninsu zai bi ta gefen abin da ya rage na wakalar Shinnawi, ya haye datsiya, ya tarar da hasumiyoyi biyu farare tas da sabon shafe, a tsakiyar tsibin farin dutse da ya tashi daga wannan bakin ruwa zuwa wancan, nan da can guntun bango na tsaye da ramukan da azara ta fita.